Albasar Ishaya a Bakin Rijiyata

Maitumbi, Minna.

Zuwa ga 'yata Rabi, Mamana ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Kontagora lafiya, Ya tsare ki a hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki da wurin kwana. Amin.

Akwai wata magana da na fara ji shekara biyar da suka wuce, a ƙofar shagon Ɗanladi tela. Yana taka kekensa, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Malam Garba, wai ana cewa albasar nan ta bakin rijiyarka da ka cika mana kunne da ita, ba irin da ka shuka ba ne ya fito. Wai daga gidan Ishaya ta tsallako." Na yi dariya har hulata ta karkace. Na ce masa ya maida hankali kan wandon mutane kada ya sake ɗinke musu aljihu. Ban yarda ba. Bayan shi na sake jin ta a bakin mutum biyu, kowane karo sai in ce hassada ce ke damun mutanen unguwa. Ki riƙe wannan da kyau: ni ne nake kiran wasu mahassada.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in kira ki in zaunar da ke, shi ne bokitin nan. Shekaranjiya na zaga bayan madafi neman fartanya, sai na ga bokitin fenti an kifa masa tsohon kwando. Na ɗaga, na ga abin da ke ciki. Ban gama mayar da kwandon ba na jiyo muryarki ta taga kina ce wa mahaifiyarki, "Inna, ko dai in mayar wa Baba Ishaya kayansa? Kada Baba ya gani ransa ya ɓaci ranar tafiyata." Ita kuma ta ce, "Ki bari ya tafi masallaci, sai a sa a mota." Na tsaya da kwando a hannu kamar wanda aka kama yana sata a gidansa. 'Yata, mai digiri a aikin gona, wadda za a tura ta koya wa manoma, tana ɓoye wa ubanta bokitin ganye. Ba na so ki bar gidan nan da abin ɓoyo tsakanina da ke. Bakina kuwa kin san shi, idan zancen laifina ne nauyi yake yi. Shi ya sa takarda.

Bari in faro daga tushe, ko da kin san rabin labarin. Ni ɗan manomin albasa ne. A Yawuri na buɗe ido, a bakin kogi, inda mahaifina yake da fangali fiye da yadda nake iya ƙirgawa a lokacin. Aikin ofis ya kawo ni Minna, amma ban taɓa yin rani ban tada fangali biyu a tsakar gida ba. Mutanen layinmu Sarkin Albasa suke ce mini. Ina nuna kamar ba na so, alhali idan mutum ya gaishe ni bai faɗa ba, sai in ji gaisuwar ba ta cika ba.

Sai Ishaya ya yi gini a filin da ke jikin namu. Mutumin Kudancin Kaduna ne, ya daɗe yana aikin kuku a wani gidan saukar baƙi. Lokacin katangar da ke tsakaninmu iyakarta ƙirjina. Ta kanta naman layya ke tsallakawa, ta kanta shinkafar Kirsimeti ke dawowa, ta kanta muke gardamar siyasa har mata su gaji su kira mu cin abinci. Mun yi zama mai daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya ya kira ni. "Maƙwabci, zo ka ga albasar da na kawo daga Jos." Na leƙa. Ke kuma kina da shekara tara, kin hau kan turmi don ki gani. Wani curin ganye ne siri-siri, kamar an kafa ɗanyar tsintsiya a ƙasa. Na ce, "Ina kan?" Ya ce, "Ai ba ta yin kai. Ganyen ake ci. Ka yanka yau, bayan sati biyu ya dawo. Shekara da shekaru ba ka sake shuka ba." Na ce, "Ishaya, an sayar maka da ciyawa. Miƙo in ba akuya." Sai ya tsinko ganye ɗaya ya miƙa miki. Kika murza, kika kai hanci, kika zaro ido: "Baba, wallahi albasa ce!" Mamana, ban taɓa ganin kin kalli fangalina da irin wannan idon ba. A ranar abin ya shige ni, kuma bai fita ba.

Ni na yanke hukunci daga bayan katanga, ke kin kai hanci. Inda za ki je, tsofaffin manoma za su nuna miki abubuwan da babu su a littafinku. Ki taɓa, ki shinshina, ki tambaya, kafin ki yi dariya. Ita wannan albasa da ku 'yan boko kuke kira cayif, ni kuwa siririya nake ce mata, ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya sunkuya. Ganyenta zagaye yake, idan kin tsinke shi kin duba za ki ga rami a ciki kamar tsinken shan lemo, sai dai ya fi shi siranta nesa ba kusa ba. Ƙamshinta na albasa ne amma mai sanyi, ba ya sa hawaye. Ba ta fitowa ɗai-ɗai, cunkushe take kamar 'yan uwa a mota ɗaya. Idan kin tona za ki tarar da 'yan kawuna farare manne da juna, ba su kai kan ɗan yatsa ba, kuma iyakarsu ke nan har abada. Furenta, idan ta ga damar yi a zafin nan namu, ɗan dunƙule ne ruwan shunayya. Tana da 'yar uwa mai faffaɗan ganye marar rami, mai warin tafarnuwa da farin fure, ita ma ana cin ta. Amma duk ganyen da ya yi kama da su, kika murza babu warin albasa babu na tafarnuwa, kada ya kusanci tukunyarki. Akwai furannin ado masu irin wannan ganye da ke cutar da ciki.

Bayan wata biyu Ishaya ya raba curinsa, ya miƙo mini wani sashe ta kan katanga, da ƙasarsa da saiwarsa, a cikin gwangwanin madara. Na ce na gode, ba ni da wuri. Wuri kuwa akwai, har kaji ke yawo a cikinsa. Abin da ba ni da shi shi ne cikin da zai ɗauki a ce Sarkin Albasa ya karɓi albasa a hannun kuku. Washegari na hau keke na tafi kasuwa a ɓoye, na zaga har na sami mai sayar da iri a 'yar takarda. Ban duba tun yaushe yake rataye a rana ba. Na shuka, na yi ta ban-ruwa. Bayan sati biyu wasu korayen tsinke suka fito, na ji kamar an yi mini haihuwa. Na kewaye su da ƙaya, na zuba taki, na hana kowa zuwa wurin. Wata biyu ina renon su. Sai ranar nan mahaifiyarki ta zo wucewa da tulu, ta tsaya, ta ce, "Malam, wai yaushe ka fara noman aya-aya?" Na ce ta yi mini shiru. Da ta shige ɗaki na tsinko ɗaya na murza. Babu rami, babu ƙamshi, karan ma kusurwa uku gare shi. Ciyawar da nake cirewa a fangali tun ina ɗan shekara shida, ita na yi wa shinge.

Irin siririya ba ya jure ajiya, idan ya tsufa ba ya fitowa. Ko ya fito, jinkiri gare shi. Dashe ya fi, kuma dashe a hannun mutum ake samun sa. Idan maƙwabci ya miƙo miki abu da hannu biyu, ki karɓa da hannu biyu. Ƙin karɓar ba ya ƙara miki tsawo. Ni dai bai ƙara mini ba.

Shekarar da ta biyo na sa aka kawo mini sabon iri, na shuka da sanyi ya shigo. Wannan karon ta fito, ta gaskiya, na murza na ji. To a nan ne jinin Yawuri ya taso mini. Duk da Ishaya ya ce ba ta yin kai, a raina cewa nake yi, a hannunsa ne ba ta yi. Shi kuku ne, me ya sani? Ni zan nuna wa unguwa. Kin san yadda kakanki yake yi idan albasa ta kusa nuna: a janye mata ruwa, a bi a kwantar da ganyen da ƙafa, a bar ta ta sha rana, sannan a tone. Haka na yi wa baiwar Allah nan. Na tattake ta da ƙafata, na hana ta ruwa kwana goma sha biyu, na zo da fartanya da kwando, kwando fa, Mamana, na ɗaukar kaya. Na tona. Abin da na samu bai cika tafin hannuna ba. Ina tsugune ina kallon su sai na ji Ishaya daga kan katanga yana cewa, "Maƙwabci, ka mayar da su ƙasa yanzu, ka ba su ruwa, za su tashi." Gaskiya ya faɗa, kuma cikin tausayi ya faɗa. Tausayin ne ya fi ƙona ni.

Na mayar da su, amma sai da ya shiga gida. Kuma a fangali na sa su, mai zurfi, mai gefe, irin wanda muke yi don ya riƙe ruwan rani. Damina ta zo. Kin san markar Minna, kwana uku sama ba ta ɗauke ba. Fangalin ya zama tafki, saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Shi kuwa nasa a kan tudu yake, ya haɗa ƙasar da yashi, ruwa na sauka yana wucewa.

Abin da kika gada ilimi ne, amma ilimin abin da aka yi shi dominsa. Hanyar kakanki ta ciyar da gidanmu shekaru, a kan albasa mai kai, a ƙasar Yawuri, da rani. Na ɗauko ta na ɗora wa wata halitta daban, don kawai sunansu ɗaya. Idan kin je wurin aiki kada ki ce wa kowa, "Haka muke yi a jami'armu ta Gidan Kwano." Ki fara duba ƙasarsu tukuna.

Duk wannan lokacin ke kina ta zirga-zirga gidan Ishaya. Ki dawo daga makaranta, ki ajiye jaka, sai in ji, "Baba Ishaya ya ce," "Baba Ishaya ya nuna mini." Ki shigo da ɗan ƙullin ganye, mahaifiyarki ta yayyanka a kan wainar ƙwai. Na farko na ce ba na ci. Na biyu na ce a ɗan sa mini a gefe in ji ko da guba. Na uku kuwa share faranti na yi. Ina ci ina jin haushin daɗinsa. Ban san ko kin taɓa cin abinci haka ba, Allah kada Ya sa ki sani.

Da kika sami gurbin karatun aikin gona, mutane suka yi ta zuwa taya ni murna. "Ta gado ka, Sarkin Albasa." Ina ta baza babbar riga. Sai Ɗanladi, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya tambaye ki me ya ja ra'ayinki. Kika ce, da zuciya ɗaya, "Tun ranar da Baba Ishaya ya koya mini raba tushe ɗaya ya zama huɗu." Ba ki yi laifi ba. Gaskiya kika faɗa. Ni ban taɓa barin ki taɓa fangalina ba, kullum "Matsa can, za ki taka mini." Shi ya ba ki wuƙa ya riƙe miki hannu. Amma a ranar ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne an ƙwace mini 'ya a gaban jama'a.

Yanzu zan faɗi wanda ya fi muni, wanda aka ce miki wai saboda wayar lantarki ne. Babu ruwan waya. Mangwaron nan namu yana da babban reshe da ya tsallaka gidan Ishaya, shi ke yi wa siririyarsa inuwa daga azahar zuwa la'asar. Na san ba ta son zafin yamma. Na jira sai da bazara ta kankama, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake, na ɗauki adda na hau. Ina cikin sara ya fito. Ya ɗaga kai ya ce, "Maƙwabci, reshen ya yi maka laifi ne?" Na ce, "Ganye yake zubar mini." Ya ce, "Ai a gidana yake zubarwa." Na ci gaba da sara. Sati bai zagayo ba na kira magini ya ƙara wa katanga layi uku na bulo. Daga nan sai gaisuwar hanya, ita ma a taƙaice. Shinkafar Kirsimeti ba ta daina zuwa ba, sai dai ta koma shigowa ta ƙofa, ni kuma in ce a ba yaran layi.

Kin san me ya faru? Ya kafa sanduna huɗu ya ɗora tsohon buhu. Shi ke nan. Siririyarsa ta ɗan yi laushi, ruwan farko na sauka ta miƙe. Ni kuwa reshen da na sare shi ne ya fi kowane 'ya'ya. Kuma ina na san ya kafa buhu? Turmi na hau, ni da furfurata, ina leƙen katangar da na ɗaga da hannuna.

Mamana, kishi ba ya zuwa da sunansa. Ni a rigar sani ya zo mini. Kullum ina da hujja: shi ba manomi ba ne, abin nasa ba albasa ba ce, reshe na zubar da ganye. A wurin aiki za a yabi wata a gabanki, wataƙila wadda ba ta kai ki karatu ba. Idan kin ji zuciyarki ta fara jero miki kurakuranta ɗaya bayan ɗaya, da sauri, ba tare da kin nema ba, to ki tsaya. Ki je ki tambaye ta yadda ta yi. Zai yi ɗaci na minti biyar. Nawa, daga sare reshen kaɗai, ya yi shekara bakwai.

Saura na bakin rijiya. Bayan shekara biyu da sare reshe na sake sayen iri, karo na uku. A jikin takardar akwai hoto: ganye faffaɗa, fure fari. Na tada ɗan tudu kusa da rijiya inda inuwar ɗaki ke sauka da yamma, wato na kwaikwayi Ishaya ba tare da na faɗa wa kaina ba. Na shuka, kwana biyu tsakani aka aiko yayana ya rasu, na tafi Yawuri. Zaman makoki da rabon gona suka riƙe ni kusan wata guda. Na dawo na tarar da curi uku, kore shar, kowane ya kai taƙi. Duk wanda ya taɓa shuka iri ya san a wata ɗaya zare-zare ake gani, ba curi ba. Ni da aka haifa a fangali na fi kowa sani. Na ce albarkar takin kaji ce. Na tsinko ganye, ga rami a ciki. Na ce masu buga takarda ne suka yi kuskuren hoto. Da sanyin shekarar gaba ta fitar da fure biyu, ruwan shunayya. Na tsinke su da sassafe na sa a aljihu kafin kowa ya gani. Sannan na tafi shagon Ɗanladi na ci gaba da ba da labarin yadda ake noman siririya.

Ban san sunan wannan kuskuren ba. Mutum ya ga abu da idonsa ya ce bai gani ba, don ganin zai sa ya ce na gode. Ki ji tsoronsa fiye da sauran.

To shekaranjiya, bayan na ji maganarku ta taga, na tsinko ganye ɗaya daga bokitinki, ɗaya daga bakin rijiya. Na jera su a tafin hannu. Kauri ɗaya, rami ɗaya, ƙamshi ɗaya. Jiya da hantsi na sa hula na zaga ta ƙofar Ishaya. Yana zaune a kan benci, ya miƙe ƙafar nan da ke damun sa. Ya gan ni ya yi zumbur.

"Malam Garba! Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu."

"To gobara ce?"

Na zauna, na buɗe masa hannuna. Na ce, "Ishaya, wannan na bokitin Rabi ne, wannan na bakin rijiyata. Faɗa mini gaskiya."

Ya duba, ya daɗe yana dubawa kamar bai taɓa ganin ganye ba. Ya ce, "Abin da ya tsiro a gidanka naka ne."

"Ban zo wasa ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Wa ya yi ta ba ta ruwa shekara biyar? Ni ne?"

Na ga ba zai faɗa ba. Sai na ce masa maganar reshe, na ce ba ganye ba ne, ba waya ba ce, ni ne. Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Inuwa na samu a buhu. Mangwaron ne na yi kewa, na wajena ya fi zaƙi." Can ya ce, "Amma kai ma ka ban mamaki, maƙwabci. 'Ya'yana huɗu, babu wanda ya san inda nake ajiye fartanya. Na Legas ya ce in daina wahalar da kaina, zai aiko mini da kuɗin cefane. Kai ka haifi wadda ta tafi jami'a karatun ƙasa, ta fito, kuma sunanka ne a takardarta. Kullum ta zo nan, Babana kaza, Babana a Yawuri kaza. Ni na isa in yi kishi, na haƙura. Kai kuma me ka rasa?"

Da na tashi tafiya ya ce, "Af, taka ta cunkushe fa, tsakiyar ta fara bushewa. Ka raba ta da sanyin bana." Na ce ina ya gani? Ya nuna mini tsani a jingine da katanga.

Kafin in fito na kalli tasa. Zan gaya miki gaskiya tunda yau ranar gaskiya ce: har yanzu ta fi tawa kyau, alhali uwarsu ɗaya. Na ji abin nan ya motsa a ƙirjina kamar da. Ban warke ba, Mamana. Na dai gane muryarsa ne.

Game da bokitinki. Na duba gindinsa, huda biyu kawai aka yi, na ƙara huɗu da ƙusa. Idan kin isa ki ɗora shi a kan duwatsu kada ya zauna cikin ruwa. Ki sa shi inda zai sha ranar safe, ya sami inuwa da yamma, don zafin Kontagora ba ya wasa. Ki tura yatsa cikin ƙasar, idan kin ji ta bushe ki ba ta ruwa, idan da danshi ki ƙyale ta. Sati biyu na farko kada ki yanka, ki bar ta ta huta gajiyar mota. Bayan nan ki yi amfani da almakashi ko wuƙa mai kaifi, ki bar kamar faɗin yatsa biyu a saman ƙasa. Kada ki fizge. Ɗan takin da ya ruɓe sosai, jefi-jefi, ya ishe ta. A girki sai kin sauke tukunya za ki barbaɗa, idan ta dahu ƙamshin gudu yake yi. Na san duk kin san wannan, kin ma fi ni sani, kuma na san wanda ya koya miki. Ki bar tsoho ya faɗa dai. Idan ta cika bokiti ki raba, ki miƙa wa na kusa da ke. Idan ya ce ba shi da wuri, kada ki ji haushi, ki ba matarsa.

Gobe ba za a jira in tafi masallaci ba. Ni zan ɗauki bokitin da hannuna har tasha, ta gaban shagon Ɗanladi, ya kalla da kyau. Kafin nan ki shiga ki yi wa Babanki Ishaya sallama, ki zauna ya sa miki albarka, kada ki yi sauri saboda ni. Na yi magana da magini zai zo ranar Asabar ya sauke layi biyu na bulo. Na ukun ina tunani tukuna.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciya. Ya sa albarka a hannunki, duk abin da kika dasa ya kama. Ya tsare miki mutuncinki da sallarki, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa ubanki shekarun da ya sa kika riƙa sassauta murya a gidanku.

Da na dawo daga gidan Ishaya na tarar da mahaifiyarki a madafi tana yayyanka ganye a kan ƙwai. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Wai wa ya dasa ta bakin rijiya?" Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni. Irinka kaji sun tone shi kwana uku da tafiyarka. Na je na roƙo, ya haƙo mini curi uku." Na ce me ya hana ta faɗa mini? Ta ce, "Ka taɓa tambaya? Miƙo gishiri." Na miƙa. Ɗanladi ne ya fara kawo mini maganar, wadda ta faɗa mini ita ta ƙarshe kuwa Hajara ce, uwarki, kuma ita ban yi mata dariya ba.

Mahaifinki,
Garba.